Yadda Amurka da Japan Suka Koma Abokan Ciniki Bayan Yaƙi

Duk wanda ya tsaya a tashar mota ta Babura ko ta Kazaure zai ga sunan Toyota a jikin bas-bas ɗin da ke lodin Kano. Iyayenmu kuwa suna tuna zamanin da rediyon National da babur ƙirar Honda ko Yamaha suke alamar mutum ya samu. Kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar yadda aka yi kayan wata ƙasa mai nisa haka suka cika kasuwanninmu, alhali ƙasar nan da ita aka gwabza a Yaƙin Duniya na Biyu. Har da 'yan Arewa masu yawa cikin sojojin da Ingila ta kwasa zuwa Bama don su yaƙi Japanawa. Amsar tana cikin abin da ya gudana tsakanin Japan da Amurka bayan an ajiye makamai.

A watan Agustan 1945 Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki, Japan ta miƙa wuya, aka sa hannu ranar 2 ga Satumba. Manyan biranenta sun zama toka, ga yunwa. Sojojin Amurka ƙarƙashin Janar MacArthur suka karɓi ragamar ƙasar. Niyyarsu ta farko ita ce su karya Japan yadda ba za ta sake ɗaga kai ba. Sabon tsarin mulkin da ya fara aiki a 1947 ya ce, a sashe na 9, ƙasar ta yi watsi da yaƙi.

Ba a daɗe ba Amurka ta canja shawara, kuma mu sani banza ba ta kai zomo kasuwa. Gaba ta yi tsanani tsakaninta da Tarayyar Sobiyet, a 1949 kuma 'yan kwaminis suka kama mulki a Sin. Amurkawa suka ga idan aka bar Japan cikin talauci ita ma can za ta karkata. Sai aka koma gina ta. A shekarar aka tsayar da canji a kan yen 360 kowace dala, farashin da ya zauna fiye da shekara 20 kuma ya sa kayan Japan suka yi araha a waje. Da yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, rundunar Amurka ta riƙa sayen motoci da tufafi da sauran kayan aiki daga masana'antun Japan saboda kusanci. Kamfanin Toyota yana gab da durƙushewa a lokacin, odar manyan motocin soja ce ta farfaɗo da shi. A wannan shekara ne kuma wani masani Ba'amurke, Edwards Deming, ya koyar da injiniyoyin Japan yadda ake auna ingancin kaya tun a wurin ƙira. Sun riƙe karatun fiye da mutanen ƙasarsa.

Ranar 8 ga Satumba 1951, a birnin San Faransisko, ƙasashe 48 suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya da Japan. A ranar ce kuma Firayim Minista Yoshida ya sa hannu kan wata ta biyu, wadda ta bai wa Amurka damar ajiye sansanonin soja a ƙasar. To, nan gizo ke saƙar. Japan ta ba da fili, Amurka ta ɗauki nauyin tsaro ta kuma buɗe kasuwarta. Kuɗin da da za su tafi wajen sayen makamai sai suka tafi masana'antu da makarantu. Ba duk Japanawa ne suka yarda da wannan ciniki ba. Da aka zo sabunta yarjejeniyar a 1960, zanga-zanga ta hana Shugaba Eisenhower kai ziyara, Firayim Minista Kishi kuma ya sauka. Tsibirin Okinawa ma sai a 1972 aka mayar wa Japan, kuma har yau akwai sojojin Amurka kimanin 50,000 a ƙasar.

Ta fuskar arziki dai dabarar ta ci. Sony ta sayi izinin fasahar tiransisto daga Amurka, ta fitar da ƙaramin rediyonta a 1955. Honda ta fitar da ƙaramin baburinta Super Cub a 1958, irin wanda muke kira roba-roba. Kafin 1968 ta ƙare Japan ta wuce Jamus ta Yamma, ta zama ta biyu a ƙasashen jari-hujja. Kayan da aka ƙera don su gamsar da mai saye a Amurka su ne suka iso mana, masu ƙarko da sauƙin gyara. A 1979 Honda ta kafa kamfanin harhaɗa babura a Ota ta Jihar Ogun.

Daga nan sai ɗan hakin da aka raina ya fara tsone ido. Bayan tsadar man fetur ta 1973, Amurkawa suka koma wa ƙananan motocin Japan marasa shan mai. A 1980 Japan ta fi Amurka yawan ƙera motoci, ma'aikata da yawa a Ditiroyit suka rasa aiki. A 1981 aka matsa wa Japan ta taƙaita motocin da take kaiwa Amurka zuwa miliyan 1.68 a shekara, aka ce wai don raɗin kanta ta yi. Japanawa ba su yi gardama ba, sai suka je suka gina masana'antu a cikin Amurkar, Honda ta fara ƙera motoci a Jihar Ohayo a 1982.

Abin da ya fi shafar mu ya faru ne a Satumban 1985, a otal ɗin Plaza na birnin Niyok, inda Amurka da Japan da Ingila da Faransa da Jamus ta Yamma suka amince a rage darajar dala. Dalar da ake canzawa kusan yen 240 ta faɗo kusan 120 a ƙarshen 1987, wato kayan Japan sun yi tsada ga kowa. Mu kuma a 1986 gwamnatin Janar Babangida ta karya darajar naira. Duka biyu suka haɗu a kan malamin makaranta da manomi, sabon babur na Japan ya fi ƙarfinsu, sabuwar mota kuwa ba a ma zancenta. Aka koma wa 'yan kwatano, daga baya Jincheng ta Sin da Bajaj ta Indiya suka mamaye hanyoyin ƙauyukanmu.

Cinikinmu da Japan bai yanke ba, sai dai yanzu mu ma muna da abin kaiwa. Japan tana cikin manyan masu sayen riɗin Nijeriya, Jigawa kuma tana cikin jihohin da suka fi noma shi. Ba mamaki wani buhun da aka auna a kasuwar Maigatari, ko a nan Babura, ya ƙare a matatsar mai a can.