Bayan Rabuwar Aure, Wa Zai Riƙe Yaro?

A zangon karatun da ya wuce, wata yarinya 'yar aji huɗu da nake koyarwa ta yi mako uku ba ta zo makaranta ba. Da ta dawo, ba littafi, ba fensir, kitsonta duk ya tsufa. Na tambaye ta, sai ta ce ranar da aka ɗaura wa uwarta sabon aure babanta ya zo ya ɗauke ta, ya kai ta hannun matarsa. Alhali kuwa kakarta ta wajen uwa tana nan da ranta da lafiyarta, bayan makarantarmu kaɗan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Mun tashi mun tarar ana cewa da an yaye yaro sai a mai da shi gidan ubansa. Wannan al'ada ce kurum. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu suke hukunci da ita, uwa ce mai riƙo: namiji har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. Haka yake cikin Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu. Ci da sha da sutura da magani kuwa suna wuyan uba, ko da yaron yana hannunki.

To, amma riƙo yana iya canza hannu, kuma ya kamata ki san dalilan tun kafin su same ki.

Na farko shi ne sabon aure. Idan kika auri wanda ba muharramin yaron ba, kika tare, riƙo ya fita daga hannunki. Sai dai ba wajen uba yake fara komawa ba. Uwarki ce ta farko, sa'an nan 'yar'uwarki, watau innar yaron. A cikin Muwaɗɗa an kawo labarin Sayyidina Umar, wanda ya ɗauki ɗansa Asimu a Ƙuba bayan ya rabu da uwarsa. Kakar yaron ta bi shi har gaban Halifa Abubakar, shi kuwa ya ce a bar mata yaron, Umar bai ƙara magana ba. Kuma idan mai haƙƙin karɓa ya san kin yi aure, ya yi shiru har shekara guda ba uzuri, to, riƙo ya tsaya a hannunki.

Na biyu, rashin lafiya mai tsanani, ko wata larura da ta hana ki kula da yaron. Wannan idan kin warke riƙo yana dawo miki. Wanda ya faɗi saboda aure kuwa, a sanannen ra'ayin mazhaba ba ya dawowa ko da auren na biyu ya mutu. Ki yi tunani a kan wannan tun ana maganar baiko.

Na uku, ƙaura. Idan uba zai koma wani gari da zama, nisan da littattafai suka ƙayyade kimanin mil 72 ne, yana iya tafiya da ɗansa muddin hanya da garin suna da aminci. Tafiyar fatauci ta 'yan kwanaki ba ta cikin wannan.

Saura maganar ganin yaro, inda mu mata muke da namu laifin. Wata da zarar ta samu riƙo sai ta hana uba ko leƙen ɗansa don haushin saki. Shari'a ta ba uba ya ga ɗansa, ya kula da tarbiyyarsa da karatunsa, yaro ya dawo ya kwana wajen mai riƙo. Haka idan yaro yana wajen uba, ba a hana uwa ganinsa. Ba a raba hanta da jini. Kuma tsarin da ya dace da ɗan shekara uku ba lalle ya dace da wanda ya shiga firamare ba. Sai a sake zama a tsai da ranakun ziyara, da inda zai yi hutun makaranta, da inda zai yi Salla, da wanda zai sayi littattafai.

Ina za ki kai kuka? Ki fara da waliyyinki da dattawan gidajen biyu, a rubuta abin da aka yarda a gaban shaidu. In abin ya faskara, ki je kotun shari'a da kanki, ki bayyana abin da ya canza tun bayan hukuncin farko. In ba ki gamsu ba kina iya ɗaukaka ƙara; sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya sa maganar kula da ƙananan yara cikin abin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a take dubawa. Kada dai ki aika a sato yaro daga hanyar makaranta.

Ku kuma 'yan mata 'yan makaranta da abin ya shafa, ku gaya wa malamarku. Da yarinyar nan ba ta yi magana ba, da hedimasta bai kira kawunta ba. Yanzu tana hannun kakarta, babanta yana zuwa ɗaukarta kowace Juma'a bayan masallaci, ya dawo da ita kafin magariba.

Allah Ya shirya mana zuriya, amin.