Tsakanin Ƙaton Guzan Komodo Da Gansakukar Bakin Hanya

Ran nan na kai yara wani gidan namun daji a nan Ingila, muka ga guzan Komodo. Da autata ta ji an ce yana cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, sai ta ce, "Baba, wannan ƙaton wa zai iya da shi?" Da muka fito sai na nuna mata gansakukar da ta tsiro a tsagar daɓen hanya, na ce wannan ta fi shi nisa da ƙarewa. Ga dalilina.

Shi guzan Komodo ɗan uwan damo ne da guza irin na gida, sai dai duk duniya babu na biyunsa a dangin ƙadangaru. Tsawonsa kan kai mita 3, nauyinsa kamar kilo 70. Yana cin barewa da aladen daji, har ɓauna. Amma a daji ba a samunsa ko'ina sai a wasu 'yan tsibirai na ƙasar Indonisiya, irin su Komodo da Rinca da Flores. Macen kan saka ƙwai kamar 20, su yi wata 7 zuwa 8 kafin ƙyanƙyashewa, ɗan kuma sai ya shekara 8 ko 9 kafin ya isa haihuwa. Gwamnatin ƙasar ta keɓe masa gandun daji a 1980, duk da haka a 2021 ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin masu fuskantar ƙarewa, saboda ɗumamar yanayi da hauhawar teku za su rage masa wurin zama.

Ita kuwa gansakukar, wadda masana ke kira Bryum argenteum, da ƙyar take kai santimita 1. Ba ta fure, ba ta da saiwa ta sosai. Ƙwayoyin irinta kamar ƙura suke, iska ke ɗaukarsu, ko ɓarɓashinta ya maƙale a takalmi ya je ya tsiro wani wuri. In ta bushe ƙayau, da ta sami ruwa sai ta farfaɗo. Shi ya sa ake samunta a kowace nahiya, har Antatika.

To kun ga, girma ba ya hana ƙarewa. Halittar da gidanta ya zama ɗan wuri guda, haihuwarta kuma mai nawa ce, ita ke buƙatar kulawar mutane. Allah ya sa mu dace.