Ka Sauke Fakej, R Ta Ce Babu Shi: Ina Matsalar Take?

Shirin yau na ɗalibai ne masu aikin lissafi da ƙididdiga da manhajar R, musamman 'yan ajin ƙarshe da furojet ya sha wa kai.

R kyauta ce. Ross Ihaka da Robert Gentleman ne suka ƙirƙiro ta a Jami'ar Oklan ta ƙasar Niyu Zilan, ta fito fili a 1993. Ƙarfinta yana cikin fakej, wato ƙarin kayan aikin da ake saukewa daga rumbun CRAN, inda akwai sama da 20,000.

To ga inda gizo ke saƙar. Ka ƙona data ka sauke fakej, ka kira shi, R ta ce ba ta san zancen ba. Sai ka sake saukewa, data ta sake tafiya. Ni dai shawarata, dakata tukuna. Sau da yawa fakej ɗin yana nan lafiya lau, adireshinsa ne R ba ta sani ba.

Adireshin nan a saitin muhalli ake rubuta shi. Saitin muhalli suna ne da ake liƙa wa wani bayani, manhaja ta karanta shi lokacin da take tashi. Kamar kwatancen da kake yi wa ɗan acaɓa ne kafin ku kama hanya.

Na farko shi ne R_LIBS_USER, mai faɗa wa R foldar da fakej ɗinka suke. Ka fara rubuta .libPaths() ka ga inda take dubawa yanzu. Sannan ka buɗe fayil ɗin saiti da wannan:

file.edit("~/.Renviron")

A ciki ka sa layi ɗaya:

R_LIBS_USER=D:/Rlib

Ka adana, ka rufe R, ka sake buɗe ta, domin a lokacin tashi kaɗai take karanta fayil ɗin. Kuma ka tabbata ka ƙirƙiri foldar da kanka, in babu ita R za ta tsallake ta shiru, ba gargaɗi. Wannan yana ceton mai aiki a kwamfutar makaranta, inda ba shi da izinin admin. Sai dai fa in ka koma sabon zubin R, misali daga 4.3 zuwa 4.4, gara ka sake girka fakej ɗin.

Na biyu JAVA_HOME. Fakej irin su xlsx sun dogara da rJava, shi kuma sai ya san inda Java take. Ka ƙara wannan, amma da sunan foldar da ke kwamfutarka:

JAVA_HOME="C:/Program Files/Java/jdk-17"

In R ɗinka mai bit 64 ce, dole Java ma ta zama mai bit 64.

Wasu na amfani da Sys.setenv. Yana aiki, amma da ka rufe R saitin ya ɓace.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda ɗalibi zai cire kuɗin abincinsa ya biya wani don gyaran layi ɗaya. In ka gwada ya yi, koya wa na kusa da kai. In ya ƙi, turo mana ainihin saƙon da R ta nuna maka, mu duba tare. Sai mun haɗu a shiri na gaba.