Sanƙarau: Zafi Ne ko Ƙwayar Cuta?

A Roni da kewaye, har zuwa Kazaure da Gwiwa, idan bazara ta kama aka ji an kwantar da yaro wuyansa ya sandare, sai a ɗora wa zafi laifi. Haka Turawa suka daɗe suna ɗora wa gurɓatacciyar iska alhakin annoba, kafin Louis Pasteur a Faransa da Robert Koch a Jamus su nuna cewa wasu halittu ne da ido ba ya gani. Koch ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882, Anton Weichselbaum kuma ya ware ta sanƙarau a Biyana a 1887.

Mai musu zai ce, to me ya sa cutar ba ta tashi sai da rani? Tambayar tana da ƙarfi. Ƙura da busasshiyar iska suna raunana hanci da maƙogwaro, cunkoson ɗaki kuma yana sauƙaƙa yaɗuwa, amma ƙwayar ce ke shiga jini. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kashe dubban mutane a Arewa. Bayan allurar riga-kafi ta MenAfriVac ta iso Jigawa a 2011, nau'in A na ƙwayar sanƙarau ya kusa ɓacewa, alhali zafin bazara bai ragu ba.