FASA GIDA A BAKIN BATURE: KALMA GUDA MAI IYA JUYA SHARI'A

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa zama a kotun majistare ya san cewa mai ƙara da Hausa yake kawo kukansa, amma da Turanci ake rubuta shi, kuma abin da aka rubuta ɗin nan shi ne zai bi shari'ar har kotun ɗaukaka ƙara. To a tsakanin bakin mai ƙara da alƙalamin mai rubutu akwai wata 'yar kalma ta Ingilishi wadda ta sha tuntuɓe da tafintoci da 'yan makaranta, watau "break in" da 'yar'uwarta "break into".

Asalin "break" shi ne fasawa ko karyawa. Amma Turawa suna da wata al'ada ta liƙa wa aikatau ɗan ƙaramin harafi a bayansa, sai ma'ana ta tashi daga inda aka san ta. In aka ce "break in", ba maganar karya kome ake yi ba, ana nufin shiga wuri da ƙarfi ko ta haramtacciyar hanya, galibi don sata. Bambancin biyun kuwa mai sauƙi ne. Idan ba za a ambaci wurin da aka shiga ba, sai a ce "thieves broke in last night", ɓarayi sun shigo jiya da dare. Idan kuwa za a ambaci wurin, tilas ne a ce "into": "thieves broke into the shop", ɓarayi sun fasa kanti. Ɗalibin da ya rubuta "broke in the shop" a jarrabawa, jan biro zai gani.

Inda gizo ke saƙa shi ne Hausa ba ta bukatar wannan harafi. Bahaushe yakan ce an fasa gidana, kowa kuma ya gane ɓarawo ne ya shiga. Tafintan da ya bi kalma da kalma sai ya ce "they broke my house", wanda a kunnen alƙali mai jin Turanci ke nufin an rushe gidan ko an yi masa ɓarna. Laifin ɓarna dabam ne, laifin fasa gida dabam, kuma lauya mai kaifin basira ba zai bar wannan saɓani ya wuce shi ba. Zai tashi ya ce abin da shaida ya faɗa a caji ofis ba shi ne yake faɗa yau ba, alhali kuwa bawan Allah magana ɗaya ya yi, harafi huɗu ne kawai suka faɗi a hanya.

Akwai kuma wani rami na biyu. Fashi, irin na 'yan fashi, shi ne "robbery", watau ƙwace daga hannun mutum da ƙarfi ko da barazana. Wanda ya haura katanga mutanen gida sun tafi biki ya kwashe rediyo da zannuwa, ya yi "break in" amma bai yi fashi ba. Wannan ba wasan nahawu ba ne, domin tun dokar soja ta 1970 hukuncin fashi da makami a Nijeriya kisa ne, shi kuwa fasa gida ɗauri ne.

Abin mamaki, ko a wajen Turawan ba lalle ne a fasa wani abu ba. A tsohuwar dokar Ingila, wanda ya ɗaga sakata ko ya tura ƙofar da ke rufe, ko da ba a kulle take ba, ya yi "breaking". Wanda ya tarar da ƙofa a wangale ya shige, bai yi ba. Haka alƙalansu suka yi shekaru aru aru suna gardama a kan taga da sakata, har a 1968 Majalisar Ingila ta yi sabuwar dokar sata, ta jefar da sharaɗin fasawa da na dare baki ɗaya, ta ce ya isa a ce mutum ya shiga gini ba da izini ba da niyyar sata ko wani mugun laifi irin wannan. Mu kuwa a nan, dokar Final Kod ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960 bisa tsarin ta Sudan, ta riƙe laifin fasa gida da sunansa, ta kuma tsananta hukunci in da dare aka yi.

Idan aka haɗa kalmomin biyu da ɗan layi a tsakani, sai su zama suna: "a break-in". Babu wanda ya fi shahara a duniya kamar na ranar 17 ga Yuni, 1972, sa'ad da aka kama mutum biyar cikin dare a hedkwatar jam'iyyar Dimokurat da ke ginin Watergate a birnin Washington. Ba su ɓalle ƙofa da gatari ba. Wani maigadi ne ya lura an manna tef a bakin makullan ƙofofi don kada su kulle, ya cire, da ya sake zagayowa ya tarar an mayar, sai ya kira 'yan sanda. Fadar shugaban ƙasa ta nemi ta mai da abin ƙaramar sata, amma bincike ya yi ta tono har Shugaba Richard Nixon ya sauka daga mulki ranar 9 ga Agusta, 1974, kuma shi kaɗai ne shugaban Amurka da ya taɓa yin murabus.

Shekara goma bayan wannan, a watan Yuli na 1982, wani mutum ya haura katangar Fadar Buckingham a London, ya bi bututun ruwa ya hau, har ya kai ɗakin barcin Sarauniya Elizabeth. Jaridu duka "break-in" suka kira abin, amma ba a tuhume shi da laifin shiga ɗakin ba, domin a lokacin shiga ba izini kaɗai ba laifi ne na ɗauri ba a dokarsu. Kalmar jarida ke nan ta fi ta kotu faɗi, kuma mai fassara labarai ya kamata ya san da wace ɗaya yake aiki.

Sauran ma'anonin ba su da haɗari kamar wannan, sai dai su ba da kunya. In mutum ya tsoma baki ana cikin magana, an ce ya yi "break in", watau ya katse hanzarin mai magana. Sabon takalmi mai cizon dunduniya, in aka yi ta sa shi har ya yi laushi, shi ma "break in" ne. Haka ɗanyen doki da aka hora har ya karɓi linzami da sirdi. A waɗannan biyu na ƙarshe akan raba kalmomin, abin da ake magana a kansa ya shiga tsakani, a ce "break them in". Saboda haka in Bature ya ce yana "breaking in" sabon akawu, koya masa aiki yake yi.

Ita "break into" tana da nata rassan. Akan yi ta ga mai tafiya da ya sheƙa a guje farat ɗaya, ko taron da ya ɓarke da waƙa. A nan harsunan biyu sun yi kusa da juna ƙwarai, gama mu ma mukan ce ya fashe da dariya. Ɗan kasuwar da ya samu shiga sabuwar kasuwa bayan wahala ya yi "break into", haka magidancin da dole ta sa ya taɓa kuɗin da ya ajiye, kamar yadda muke cewa ya fasa asusu. A zamanin nan kuma an ƙara mata aiki, ana yin ta ga masu kutse cikin kwamfutocin bankuna da na gwamnati, inda babu ƙofa balle sakata.

Ga mai ba da bayani a gaban 'yan sanda, abin da ya fi amfani shi ne ya bar kalmar fasa ita kaɗai, ya faɗi yadda aka shiga filla filla: ko ƙwado aka ɓalle, ko katanga aka haura, ko rufi aka huda, da ƙarfe nawa, da kuma ko an tarar da mutum a ciki an yi masa barazana. Sa'an nan kada ya dangwala hannu sai an karanta masa abin da aka rubuta an kuma mayar masa da shi Hausa.