Zaɓen Takalmin da Ya Dace ga Masu Neman Zinariya da Na'urar Gano Ƙarfe

Gabatarwa

Kamar yadda jama'a suka sani, jiharmu ta Zamfara tana daga cikin jihohin da ke da arzikin zinariya a ƙarƙashin ƙasa, musamman a ƙananan hukumomin Anka, Bukkuyum da Maru. A shekarar 2019 Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar saboda matsalar tsaro, sannan ta sanar da ɗage haramcin a watan Disamba na 2024. Daga cikin kayan aikin wannan sana'a akwai na'urar gano ƙarfe, wadda ta yi suna a ƙasar Hausa tun daga 2014, lokacin da dubban matasa suka yi tururuwa zuwa Djado da ke jihar Agadez ta Jamhuriyar Nijar bayan an gano zinariya a can.

Na'urar tana da tsada, amma sau da yawa mai ita yakan rage mata amfani da abin da ya sanya a ƙafarsa. A bisa wannan dalili ne muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayani a kan irin takalmin da ya kamata a saya, wato wanda ba shi da ƙarfe ko kaɗan, kuma yake kare ƙafa daga rauni.

Yadda takalmi ke ruɗa na'ura

A ƙarshen sandar na'urar akwai wani faifai mai ɗauke da naɗaɗɗiyar waya. Idan an kunna, faifan yana aika ƙarfin maganaɗisu zuwa kewayensa. Duk ƙarfen da wannan ƙarfi ya taɓa yakan mayar da martani, sai na'urar ta yi ƙara. Abin lura shi ne faifan ba ƙasa kaɗai yake saurare ba, yana jin abin da ke gefensa da samansa. Mai bincike kuwa yana kaɗa faifan dama da hagu ne a gaban ƙafafunsa, saboda haka duk takun da ya yi yana kusantar da takalminsa ga faifan.

Ɗan ƙwayar zinariyar da ke binne ƙararsa siririya ce, ta hancin takalmi na ƙarfe kuwa mai ƙarfi ce. Sakamakon haka, ko dai mutum ya ɓata ƙarfinsa yana haƙa inda babu kome, ko kuma ya saba da ƙarar har ya wuce zinariya ta gaske yana zaton takalminsa ne. Gwargwadon zurfin da na'ura ke kaiwa, gwargwadon yadda take jin takalmi daga nesa.

Wuraren da ƙarfe ke ɓuya

Na farko, hancin takalmi. Yawancin takalman kariya na ma'aikatan kamfanoni suna da murfin ƙarfe ko na alminiyam a kan yatsu. Na biyu, wani siririn ƙarfe da ake shimfiɗawa a tsakiyar ƙasan takalmi domin ya riƙe shi, wanda ido ba ya ganinsa. Na uku, faranti mai hana ƙusa huda ƙafa. Na huɗu, ƙananan zobba da ƙugiyoyin da ake zura igiya, da zif, da maɗaurai. Na biyar, ƙusoshin da ake bugawa a dunduniya.

Haka zalika, takalmin taya da mutanenmu na karkara suka saba da shi bai kuɓuta ba, domin akan haɗa shi da ƙusa, kuma tayoyin mota da yawa suna da wayar ƙarfe a cikinsu. Silifa ba ta da ƙarfe, amma ba ta kare ƙafa daga dutse, ƙaya, bakin diga ko saran maciji.

Irin takalmin da ya dace

A yau ana yin takalman kariya da murfin yatsu na roba mai tauri ko zaren gilas, da kuma shimfiɗar zare mai ƙarfi da ke hana huda, a maimakon ƙarfe. Irin wannan ya fi sauƙin nauyi, kuma ba ya ɗaukar zafi kamar ƙarfe, abin da ke da muhimmanci ga mai yini a rana.

Akwai ma'aunin ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 20345, wanda akan rubuta a harshen takalmi daga ciki. Takalmin da ya cika wannan ma'auni, murfin yatsunsa zai jure faɗowar abu mai nauyin kilo 20 daga tsayin kimanin mita ɗaya, da kuma dannawar nauyin da ya kai kusan tan ɗaya da rabi, ko da ƙarfe aka yi murfin ko da waninsa. A sabon tsarin ma'aunin da aka fara aiki da shi a 2022, alamar PL ko PS, ko kuma S3L da S3S, tana nuna cewa shimfiɗar hana huda ba ta ƙarfe ba ce. Sai dai wannan alama ba ta ce kome a kan murfin yatsu da zobban igiya ba, don haka ba ta wadatar ita kaɗai.

Bugu da ƙari, a zaɓi wanda ya rufe idon sawu, domin yana rage gurɗewa a kan duwatsu, yana kuma rage haɗarin saran kububuwa, ko da yake babu takalmin da ke ba da cikakken tabbaci a kan maciji. Ƙasansa ya kasance na roba mai kauri da zurfin zane, kuma wanda aka ɗinke ya fi wanda aka manna da gam kawai jure aiki. Da damina, ko wajen wanke ƙasa a rafi, dogon takalmin roba na ruwa yana da amfani, amma shi ma akwai mai hancin ƙarfe.

Gwaji kafin a biya kuɗi

Wasu sukan gwada takalmi da mayen ƙarfe. Wannan gwaji yana da iyaka, domin mayen ƙarfe ba ya kama alminiyam, tagulla ko jan ƙarfe, alhali na'urar tana jin su duka. Hasali ma, na'urorin da ke iya ware baƙin ƙarfe su yi watsi da shi sukan ɗauki alminiyam da tagulla tamkar zinariya.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a gwada da na'urar kanta. A fita fili nesa da kwanon rufi, babura da wayoyin lantarki, a ɗaga faifan daga ƙasa, a cire zobe da agogo, sannan a wuce da takalmin kusa da faifan: hanci, tsakiya, dunduniya da wurin igiya. A gwada ƙafa biyun. Idan na'urar ta yi ƙara, a bar shi.

Masu sayen gwanjo su lanƙwasa ƙasan takalmin su danna shi da farce, saboda akwai irin robar da ke ruɓewa idan ta daɗe a ajiye, ta riƙa marmashewa bayan kwanaki kaɗan na aiki. Araha ba ta ado. A gwada takalmi da safa mai kauri, a bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba. Idan an kai gyara, a gaya wa mai gyara ya yi ɗinki da zare, kada ya buga ƙusa. Takalmin da babban dutse ya faɗa wa a hanci a sauya shi, domin murfin yana iya tsagewa daga ciki ba a gani ba. Kowace safiya a kakkaɓe cikinsa kafin a sa, saboda kunama.

Kada takalmin aiki ya shiga gida

Al'ummar wannan jiha ba za ta manta da shekarar 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta yi sanadiyyar mutuwar yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sakamakon niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. A 2015 an sake samun irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda yara 28 suka rasu. Ƙurar dalma tana maƙalewa a zanen ƙasan takalmi da tufafi, ta zube a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Saboda haka a wanke takalmin a wurin aiki, a ajiye shi can tare da tufafin aiki, a yi wanka, sannan a koma gida da wani takalmi daban.

Kira ga shugabanni

Dokar ma'adinai ta Nijeriya ta 2007 ta tanadi cewa sai da izinin Gwamnatin Tarayya ake bincike ko haƙar ma'adinai, saboda haka kowa ya tabbatar da takardunsa da kuma umarnin hukumomi na lokacin kafin ya fita. Muna kira ga jami'an ƙananan hukumomi, hakimai, dagatai, masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin masu haƙa da su isar da wannan bayani ga jama'arsu a wuraren taro da ranakun kasuwa. Muna kuma ba ƙungiyoyin shawara da su riƙa haɗa kuɗi suna sayen takalma a sari, su gwada kowanne da na'ura a gaban mai sayarwa kafin su raba wa membobinsu.