Gidan Haksili: Kaka Mai Shekara Biyu a Lakkol da Jikokinsa Uku

A ƙasar Ingila akwai sunayen zuriya da suka cika kowane gari, akwai kuma waɗanda mutum kan shekara bai ji an ambata ba. Haksili, wanda Turawa ke rubutawa Huxley, yana cikin na biyun. Asalinsa sunan wani ɗan ƙauye ne a yammacin ƙasar. Amma mutum huɗu na gida ɗaya, kaka da jikokinsa uku, sun kai wannan suna inda ƙauyen bai taɓa zato ba, har aikin ɗayansu ya taɓo yaƙi da jahilci a Nijar.

An haifi kakan, Tomas Hanri Haksili, a shekara ta 1825 kusa da Landan. Ubansa mai koyar da lissafi ne, amma lakkol ɗin da yake aiki ta durƙushe, talauci ya shiga gida. Tomas ya bar aji yana da shekara 10, bayan shekara biyu kacal ta karatu. Bai zauna zaman jiran tsammani ba. Da kansa ya koyi Jamusanci da Latin, ya yi almajirci wurin likitoci, har ya samu shiga wani asibitin Landan ya koyi aikin. Daga 1846 zuwa 1850 ya yi aikin mataimakin likita a jirgin ruwan soja da ya zagaya gaɓar Ostareliya, yana kamo ƙananan halittun teku yana nazarinsu. A 1851 babbar majalisar masana kimiyya ta Ingila ta karɓe shi, kuma ya shugabance ta daga 1883 zuwa 1885.

Duniya ta fi saninsa da kāre ra'ayin Darwin a kan asalin halittu, abin da ya haɗa shi jayayya da manyan coci, musamman a Okusfod a 1860. Sai dai akwai wani aikin nasa da ba a cika faɗa ba. Da dare yakan tara maƙera da masassaƙa da leburori ya yi musu bayanin kimiyya da magana mai sauƙi. A 1868 ya tsaya gaban ma'aikata da guntun alli, ya nuna musu cewa allin nan taron ɓawon ƙananan halittun teku ne da suka mutu tun zamani mai nisa. A 1870 aka zaɓe shi cikin hukumar makarantun Landan, inda ya yi fama don ɗan talaka ya samu koyarwa ta kirki. Ya rasu a 1895.

Babban jikan, Juliyan, an haife shi a 1887. Masanin dabbobi da tsuntsaye ne. A 1944 ya zo Afirka ta Yamma cikin kwamitin da gwamnatin Ingila ta aiko don duba sha'anin ilimi mai zurfi. Bayan rahoton kwamitin ne aka buɗe kwalejojin jami'a a Ibadan da ƙasar da ake kira Gana yanzu, a 1948. A 1946 aka naɗa shi babban darakta na farko na Unesko, hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya riƙe kujerar har 1948. A zamaninsa hukumar ta soma shirin ilimin tushe, wanda ya haɗa koya wa manya karatu da rubutu tare da kiwon lafiya da noma. Amma ba a rasa nono a ruga: daga 1959 zuwa 1962 ya shugabanci wata ƙungiya mai ra'ayin wai a gyara irin ɗan Adam ta hanyar zaɓen masu haihuwa, ra'ayin da masana suka yi watsi da shi. Ya rasu a 1975.

Ƙanensa Aldus, haifaffen 1894, likita ya so zama. Yana da shekara 16 ciwon ido ya kama shi, ya yi shekara biyu da ɗoriya kusan makaho. Ya koyi rubutun makafi da ake karantawa da yatsa, ya ci gaba da karatu cikin duhu. Da ganinsa ya ɗan dawo, sai ya juya ga alƙalami. Littafinsa na 1932, Brave New World, ya zana wata duniya inda ake ƙyanƙyashe jarirai cikin kwalabe, a raba su daraja daraja tun kafin haihuwa, a kuma kwantar da hankalin jama'a da ƙwaya don kada su yi tambaya. Wato abin da wa ya ɗauka gyara, ƙane ya nuna haɗarinsa. Aldus ya rasu ran 22 ga Nuwamba 1963, ranar da aka harbe shugaban Amurka Kenedi.

A wannan shekara ce kuma ɗan ubansu, Andiru, haifaffen 1917, ya karɓi kyautar Nobel ta fannin likitanci tare da Alan Hojkin da Jon Ekilis. Shi da Hojkin sun yi aiki a kan wata halittar teku mai hannuwa goma, wadda jijiyarta ke da kauri har a iya zura siririyar waya a ciki. Suka gano cewa saƙon da ke bin jijiya lantarki ne, wanda shiga da fitar sinadaran sodiyam da potasiyam ke haifarwa. Andiru ya yi makonni yana murɗa na'urar lissafi ta hannu kafin su buga sakamakon a 1952. A 1980 ya hau kujerar da kakansa ya zauna a majalisar masana. Ya rasu a 2012.

Nijar ta shiga Unesko a 1960. A 1966 hukumar ta tara masana a Bamako don daidaita haruffan rubuta Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barebarci, Buzanci da harsunan Mande. Manomin Maraɗi ko matar Tawa da suka koyi baƙi a ajin dare sun ci gajiyar wannan zama. Idan wani ya ce musu lokacin karatu ya wuce, ya kamata su tuna cewa kakan shugaban hukumar na farko shekara biyu kaɗai ya yi a aji, sauran duka da kansa ya nema.